Wa ke tsare mai tsaron akwati?

Ran 8 ga watan Yuli na 1996, rana ta biyu ta zaɓen shugaban ƙasa, Janar Ibrahim Bare Mainasara ya rushe hukumar zaɓe mai zaman kanta, wato CENI, tun ba a gama ƙirga ƙuri'u ba. Ya kafa wata sabuwa mai suna CNE. Jami'an tsaro suka kwashe akwatuna, aka yi wa sauran ƴan takara huɗu ɗaurin talala a gidajensu: Mahamane Ousmane, Tandja Mamadou, Mahamadou Issoufou da Moumouni Adamou Djermakoye. Daga baya aka ce Bare ya ci da kashi 52 cikin ɗari tun zagayen farko.

Ƴan uwa ɗalibai, yawancinmu ba a haife mu ba a lokacin. Amma ku lura da abu guda: ranar nan akwai dokar zaɓe a ƙasar nan, a rubuce, kuma ba ta hana komai ba.

To me dokar ke cewa? Kundin zaɓen Nijar, kamar na sauran ƙasashe rainon Faransa, ya ba shugaban runfar zaɓe ikon kiyaye oda a cikin runfarsa. Ba mai shiga da makami, na fili ko na ɓoye, sai jami'in tsaron da aka kira bisa ƙa'ida. Wanda ya tsorata mai zaɓe, ko ya saye ƙuri'arsa, ko ya tada rikici a runfa, ko ya sace akwati, hukuncinsa ɗauri ne da tara. Ke nan malamin lakwal da aka naɗa shugaban runfa a wani ƙauye, a ranar nan ya fi mai bindiga iko a cikin ɗakin. Haka takarda ta ce.

Tarihinmu kuwa ya nuna cewa sau da yawa barazanar daga sama take zuwa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Djibo Bakary da jam'iyyarsa Sawaba sun yi kira a ce "a'a" ga tayin Janar de Gaulle. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, aka matsa wa sarakuna lamba, su kuma suka matsa wa talakawa. "I" ta ci da kusan kashi 78, mutane da yawa ma ba su fita ba. A 1959 aka haramta Sawaba. Wanda ya kamata ya kare mai zaɓe shi ne ke razana shi, to ƙara wurin wa za ka kai?

Taron ƙasa na 1991, wanda jinin ɗaliban da aka kashe a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990 ya buɗe wa hanya, ya maido da jam'iyyu barkatai. Daga nan aka soma tunanin cire shirya zaɓe daga hannun ofishin ministan cikin gida a ba hukuma mai cin gashin kanta. Ita ce Bare ya share da sa hannu ɗaya. A zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairu 1999 kuma, an farfasa akwatuna, an lalata takardun sakamako a wurare da dama, har Kotun Ƙoli ta soke zaɓen a yankuna masu yawa a farkon Afrilu. Ran 9 ga watan aka harbe Bare a filin jirgin sama na Yamai. Rikicin akwati bai tsaya a akwati ba.

A zamaninmu wata sabuwar barazana ta ƙaru. Ran 21 ga Fabrairu 2021, ranar zagaye na biyu tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, motar ma'aikatan CENI ta taka nakiya a ƙaramar hukumar Dargol, jihar Tillaberi. Mutum bakwai suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Dokar 2017 ta mai da CENI hukuma ta dindindin, amma tara da ɗauri ai sai wanda aka kama. Wanda ya binne nakiya a hanya bai karanta kundin zaɓe ba, ba ya kuma jin tsoronsa.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an jingine tsarin mulki, akwatuna na ajiye. Duk ranar da aka fiddo su, su wa za su zauna a teburi da tambari da tawada? Mu ne fa, da malamanmu, da yayyenmu. Don haka tun yanzu ya kamata mu nemi abu uku: a fassara dokar cikin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamashek, a karanta ta a rediyo, a rubuta ƙarara abin da iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki za su samu, hukunci kuma ya hau kan mai kaki da mai muƙami kamar yadda yake hawa kan ɗan banga.

Wanda duk ya samu kofin kundin zaɓe, don Allah ya kawo shi zamanmu na gaba mu karanta babin hukunce-hukunce tare.