Daga Lifidi Zuwa Ƙyallayen Tela

Iyaye da yawa idan suka ga bargon da aka haɗa da guntayen atamfa, sai su ce aikin Turawa ne, ko kuma alamar talauci. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya ba.

A duba saƙar gargajiya. Masaƙin ƙasar Hausa siririn ƙyalle yake fitarwa, wani faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Sai an jera su gefe da gefe an ɗinke kafin a samu gwado, ko luru, ko babbar riga. Turkuɗin Kura da Buzaye suke naɗawa ma haka yake. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa a farkon 1851, kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, irin wannan tufa ce ayari ke ɗauka zuwa arewa. Wato suturar kakanninmu tun asalinta haɗe-haɗe ce.

Abin da ya fi kusa da bargon ƙyallaye shi ne lifidi. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Ana shimfiɗa tufa biyu, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada cikin ya taru wuri guda, sau da yawa a ƙawata bayan da ƙyallaye masu launi dabam-dabam. Kibiya takan maƙale a ciki ba ta kai ga fatar doki ba. Wuta ce babbar abokiyar gabarsa, ga nauyi. Katsinawan da suka kafa Maradi bayan jihadi, da Gobirawan Tsibiri, maƙwabtan Gidan Sori, sun gaji wannan kayan yaƙi. Yau sai a hawan salla yara ke ganin 'yan lifida, kuma da wuya a samu mai ce musu allura ce ta yi wannan aiki.

A Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka, mata sun daɗe suna taruwa suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aiki, saboda sanyi da rashi. A 2002 aka baje aikinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston, a 2006 hotunansa suka hau kan sarki. A ganina ba su fi mu hannu ba. Sun dai ci gaba da zama tare, uwa na nuna wa 'ya, kamar yadda gayya take a gona.

Mu kuwa, ƙyallayen da ke zuba ƙarƙashin keken tela a Maradi da Gidan Rumji yawancinsu bola suke tafiya, ko a cusa matashin kai. Malamin da ke fama da koyar da murabba'i da alwatika a allo, buhu guda na ƙyallen nan da allurai goma za su ishe ajinsa zango guda.