Yadda wayar ƙasa ke sauya awon lantarki a layin tarho

Mitar da ma'aikacin waya ke riƙewa tana auna bambancin ƙarfin lantarki ne tsakanin wurare biyu. Idan ɗaya daga cikin wuraren nan ƙasa ce, to ingancin awon ya dogara da irin ƙasar da aka kafa ƙarfe a cikinta, da kuma danshin da ke jikinta a ranar.

Layin tarhon girke, irin wanda kamfanin NITEL ya gudanar a Kano ƙarƙashin lamba 064 tun kafuwarsa a 1985, wayoyi biyu ne na jan ƙarfe, A da B. Batiran cibiyar tarho suna ba layin volt 48, kuma ɓangarensu na fositif ake haɗawa da ƙasa, domin hakan na rage cin da danshi ke yi wa jan ƙarfe. Saboda haka idan layi lafiyayye ne kuma kan tarho na ajiye, mita za ta nuna kusan volt 48 tsakanin A da B, kusan sifili tsakanin A da ƙasa, sannan kusan volt 48 na negetif tsakanin B da ƙasa. Da zarar an ɗaga kan tarho, awon A da B yakan sauko zuwa tsakanin volt 6 da 12. Zuwan GSM a 2001 ya ture tarhon girke gefe, amma yawancin na'urorin da ke gindin turakun sadarwa har yanzu da wannan tsari na volt 48 suke aiki.

Yankin Kura da Bunkure da Garun Malam misali ne mai kyau na yadda ƙasa ke sauya hali. Nan ne shirin noman rani na Kogin Kano yake, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ƙasar da ke gefen gonakin shinkafa da alkama tana jiƙe har cikin rani, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin lantarki ya ratsa ta cikin sauƙi. Ƙarfen da aka kafa a kan tudu mai marmara kuwa, turjiyarsa kan ninka sau da yawa idan hunturu ya busar da ƙasa. Layi ɗaya zai iya ba da sakamako biyu a wuraren nan biyu, alhali babu abin da ya same shi.

Babban tarkon yana cikin mitar zamani mai nuna lambobi. Turjiyar cikinta takan kai ohm miliyan 10, don haka lantarkin da take ja kaɗan ne ƙwarai. Ko da turjiyar ƙarfen ƙasa ta kai ohm 1,000, abin da awon zai rasa bai wuce kashi ɗaya cikin 10,000 ba, sai mita ta nuna volt 48 kamar komai lafiya. Amma da lantarki mai miliamfiya 20 zai bi ta wannan ƙarfe, volt 20 za su salwanta a nan. Magana a tarho ba ta bi ta ƙasa, shi ya sa aibin kan daɗe a ɓoye. Ranar da tsawa ta faɗo ne yake bayyana, lokacin da na'urar kariya ta rasa hanyar zubar da wutar, ta bar ta ta ƙone kayan aiki ko ta ji wa mutum rauni.

Akwai kuma aibin da ke jikin layin kansa. Idan ruwan damina ya shiga mahaɗar waya, lantarki yakan zurara zuwa ƙasa, awon B da ƙasa ya ragu, mai sauraro ya riƙa jin gunji a tarho. Wayar wutar gari da ke kusa, ko janareton da ba a haɗa shi da ƙasa daidai ba, su ma sukan cusa wa awon lantarkin da ba na layin ba ne.

Don haka ƙwararru sukan fara da awon A da B, wanda bai dogara da ƙarfen ƙasa ba, sannan su auna kowace waya da ƙasa su kwatanta. Shi kuma ƙarfen ƙasa da na'ura ta musamman ake gwada shi, mai amfani da ƙananan turaku biyu da ake kafawa nesa da shi, kuma a harkar sadarwa galibi ana neman turjiyar da ba ta wuce ohm 5 ba. Lokacin da ya fi dacewa da gwajin shi ne ƙarshen rani, sa'ad da ƙasa ta fi bushewa. Gawayi da gishirin da masu aikin wuta ke zubawa a ramin suna rage turjiya na ɗan lokaci, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, ruwa kuma yana wanke shi. Bututun roba na famfo ba ya maye gurbin ƙarfen ƙasa, kuma ba a taɓa layi idan hadari ya taso.