Basil na Kaisariya da Rumbunan da Aka Kulle

Sau da yawa gardama kan tashi a taron zumunta a kan Ayyukan Manzanni sura 2 da 4, inda masu bi suka yi tarayya da kayansu. Wasu su ce gurguzu ke nan tun kafin Karl Marx, wasu su ce sam. Bari mu koma baya fiye da shekara 1,600, mu ga abin da wani bawan Allah ya yi ranar da yunwa ta shiga garinsu.

Wajen shekara ta 369 fari ya faɗa wa Kafadokiya, a tsakiyar Turkiyya ta yau. Babban birninta shi ne Kaisariya, wanda yanzu ake kira Kayseri, ba Kaisariyar Karniliyus ta bakin teku ba. Garin yana nesa da teku, kawo hatsi daga waje da wuya. Abin takaicin kuwa, akwai hatsi a cikin gari. Masu hali ne suka kulle rumbuna suna jiran farashi ya hau. Mu da muka san yadda buhun masara ke ɓuya da damina, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Basil ɗan masu dukiya ne, ya yi karatu a Atina, kuma bai zama bishop ba sai a 370. Ya sayar da abin da ya gada ya sayi abinci. Abokinsa Giregori na Naziyanzus ya ba da labarin yadda ya tara mayunwata, aka girka manyan tukwane, shi da kansa yana yi musu hidima. Ƙanensa, Giregori na Nisa, ya ce har 'ya'yan Yahudawa sun ci daga wannan tukunya.

Wa'azinsa a kan wawan mai arziki na Luka 12 yana nan har yau, kuma ba ya da daɗin ji. Ya kwatanta mai ɓoye dukiya da wanda ya riga kowa zuwa wurin kallo, ya kama wuri, sannan ya hana saura shiga. A ganinsa abincin da ke jibge a rumbunka haƙƙin mayunwaci ne, riƙe shi kuma ƙwace ne. Ya kuma zana hoton uban da yunwa ta sa yake duban 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, yana tunanin wanda zai sayar.

To, ɗan gurguzu ne? A'a. Bai nemi gwamnati ta ƙwace gonar kowa ba, zuciyar mai rumbun ya tasa a gaba har ya buɗe da hannunsa. Amma mu da muke saurin cewa taimako ganin dama ne, kada mu yi murna tukuna, domin Basil bashi ya ɗauke shi, wanda za a ba da lissafinsa a gaban Allah.

Batun haraji ma bai yi shiru ba. Bai hana biya ba, Romawa 13 tana nan. Sai dai ya rubuta wa Modestus, babban jami'in Sarki Balens, yana roƙon a sassauta wa masu haƙar ƙarfe na duwatsun Taurus harajin da ya yi musu nauyi. Ya kuma rubuta wa jami'an kuɗi su ɗauke haraji daga gidajen kula da matalauta. Modestus ɗin nan ya taɓa yi masa barazana a kan koyarwar Triniti, duk da haka Basil bai ji kunyar roƙonsa saboda talaka ba.

Bayan yunwar ya gina unguwa guda a bayan gari: masaukin baƙi, wurin jinya mai likitoci, da gidan kutare. Ya rasu wajen 379, bai cika shekara 50 ba. A ƙarni na biyar marubucin tarihi Sozomen ya tarar wurin yana nan, ana kiransa Basiliyas.