Na'urar da ta leƙa cikin ƙwayar halitta

Kafin tsakiyar ƙarni na 20, mai binciken ƙwayar halitta, wato ƙaramin tubalin da jikin kowane mai rai ya ginu da shi, sai ya duƙufa kan madubin likita yana ƙirge da ido, aikin da ke cin lokaci kuma bai cika tsira daga kuskure ba. Dabarar da ta sauya wannan hali ita ce fulo saitometiri, inda ake tura ƙwayoyin cikin siririn ruwa mai gudu, su ratsa hasken leza ɗaya bayan ɗaya, dubbai a daƙiƙa guda, na'ura tana auna hasken da kowace ta mayar.

A 1965 Mack Fulwyler na cibiyar Los Alamos a Amurka ya ƙera na'urar da ke raba ruwan zuwa ɗigo-ɗigo, ta ware ƙwayoyi bisa girmansu. A 1968 Wolfgang Göhde na Jami'ar Münster a Jamus ya shigo da awon rini mai walƙiya, sannan Leonard Herzenberg na Jami'ar Stanford ya haɗa rinin da wariyar a na'ura guda.

Babban ci gaba ya zo a 1975, lokacin da Joe Gray da abokan aikinsa a cibiyar Lawrence Livermore suka fasa ƙwayoyin wani nau'in ɓera, suka rina kuromosom, wato ƙunshe-ƙunshen da ke ɗauke da bayanan gado, suka ware su gwargwadon yawan DNA da ke cikin kowanne. Daga 1983 cibiyoyin Los Alamos da Lawrence Livermore suka riƙa ware kuromosom na ɗan Adam da wannan dabara domin kafa taskokin DNA, waɗanda suka share fage ga gagarumin aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam da aka fara a 1990.

Haka kuma rinin Rhodamine 123, wanda Lan Bo Chen da abokansa suka nuna a 1980 cewa yana taruwa a mitokondiriya, sassan da ke samar wa ƙwaya kuzari, ya ba masana damar auna lafiyar waɗannan sassa da wannan na'ura alhali ƙwayar tana raye. Cikin shekara goma sha biyar, na'urar da aka ƙera domin ware ƙwayoyi ta zama hanyar sanin abin da suka ƙunsa.