Amsar Tambaya: Tarihin Kaset ɗin Ajiyar Kwamfuta

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi. Ya ce ɗansa mai aikin kwamfuta ya shaida masa wai a ofishinsu suna kwashe "kaset na kwaikwayo" daga ma'ajiya. Shi ne yake tambaya: mene ne haɗin kaset da kwamfuta, kuma in an kwashe, ina bayanan mutane za su tafi?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Bari mu ɗauko ta daga tushe.

Zaren nan mai ruwan ƙasa da ke cikin kaset ɗin rediyonka, wani Bajamushe ne mai suna Fritz Pfleumer ya ƙirƙiro shi a 1928. A 1935 kamfanin AEG ya baje kolin na'urar naɗar murya a kansa. Da kwamfuta ta zo, sai ita ma ta are shi: a 1951 kwamfutar UNIVAC ta Amurka ta fara zuba lissafi a kan irin wannan zare, a 1952 kamfanin IBM ya fito da nasa. Shi kuwa ƙaramin kaset da muka saba da shi, kamfanin Philips ne ya kawo shi a 1963.

Bankuna da ma'aikatu sai suka mai da kaset rumbunsu. Kowane dare a kwafe abin da ke cikin kwamfuta a kansa, a kai shi wani gini daban, ajiyar ko-ta-kwana ke nan saboda gobara ko lalacewar inji. Kaset yana da araha da ƙarko, sai dai akwai nawa. In abin da kake nema yana ƙarshen zare, dole ka jira ya juya har can.

Saboda wannan nawar ne aka yi dabara. A 1997 IBM ya fito da wata na'ura wadda cikinta faifan kwamfuta ne mai sauri, amma tana gaya wa kwamfutar cewa ita rumbun kaset ce, har da injunan karantawa. Wannan shi ne kaset na kwaikwayo. An yi haka ne don kada a canza tsarin aikin da aka riga aka saba. Yanzu da tsare-tsaren ajiya suka iya rubutu kai tsaye a kan faifai, wasu ofisoshi ba su da sauran bukatar wannan kwaikwayo, shi ya sa suke cire shi.

Amma fa cirewar tana da ƙa'ida, kamar rushe tsohon rumbu. Manomi ba ya sa masa gatari sai ya kwashe dawar, ya auna, ya ga ta cika a sabon wuri. Haka ma'aikaci zai fara duba littafin lissafin ajiya, ya kwafe abin da har yanzu ake bukata, ya gwada buɗe kwafin ya ga yana karantuwa. Sannan ya fitar da kaset-kaset daga injunan, ya soke injunan, sai rumbun a ƙarshe. Wanda ya goge kafin ya duba, ya yi asarar da kuɗi ba sa maidowa.

Tarihi ya nuna haka. A 2009 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ce bincikenta ya nuna ainihin kaset ɗin saukar ɗan Adam kan wata a 1969 an goge shi tare da wasu, an sake naɗar wani abu a kai. Su kuwa hotunan wata da kumbunan Lunar Orbiter suka aiko a 1966 da 1967, kaset ɗinsu na nan, injin karanta su ne ya zama tarkace. Wata ma'aikaciya, Nancy Evans, ta ƙi yarda a zubar, ta ɓoye tsofaffin injunan a garejin gidanta shekara da shekaru. Da su aka gyara ɗaya, a 2008 aka fara sake fito da hotunan tangaran. Ka ga ashe kaset ba tare da injinsa ba, rijiya ce babu guga.

Kaset na gaskiya kuwa bai mutu ba. A 2011 da saƙonnin wasu masu amfani da Gmail suka ɓace, daga kaset kamfanin Google ya dawo da su. Samfurin LTO na farko a shekarar 2000 yana ɗaukar gigabait 100, wanda ya fito a 2021 kuwa ya ninka shi sau 180.

Saboda haka malam, in ɗanka ya zo gida, tambaye shi abu guda: kun gwada sabon kwafin kafin ku goge tsohon? In ya ce e, bayanan mutane suna nan lafiya. Kai ma in kana da kaset na karatu ko na bikin iyali, sa a kwafe maka shi tun rikodarka tana aiki.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.