Rigimar Ƙafar Kwaɗo Da Ta Haifar Da Batir, Da Abin Da Ya Sa Wayar Wuta Ba Ta Kashe Tsuntsu

Kowace damina sai mun ji labarin wayar wuta ta tsinke a kasuwa ko bakin hanya ta kashe mutane, wani lokaci har da shanun makiyaya, alhali da yawansu ko taɓa wayar ba su yi ba. Ga kuma tsuntsu yana zaune a kanta lafiya lau. Amsar wannan tambaya tana cikin wata rigima da aka yi a Italiya fiye da shekara 200 da suka wuce. Rubutun yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe.

A garin Bolonya an yi wani likita, Luigi Galvani, malamin ilimin sassan jiki. A shekarun 1780 ya lura cewa idan ya rataye ƙafar mataccen kwaɗo da ƙugiyar tagulla, ta taɓa shingen ƙarfe, sai ƙafar ta harba kamar mai rai. A 1791 ya wallafa sakamakonsa, ya ce lantarkin a jikin dabbar yake, ƙarfen hanya ce kawai.

Alessandro Volta, farfesa a jami'ar Pavia, da farko ya yarda, amma da ya maimaita gwajin sai ya ga wani abu: ƙafar ta fi harbawa idan ƙarafan biyu ba iri ɗaya ba ne. Har a harshensa ya gwada, ya ɗora ƙarfe iri biyu, ya haɗa su, ya ji ɗanɗano mai tsami. Sai ya ce ai sirrin a bambancin ƙarafan yake, kwaɗon ma'auni ne kawai. Shekaru suna ja-in-ja, kowa da magoya bayansa.

Don ya kashe bakin gardama, Volta ya cire kwaɗon gaba ɗaya. Ya jera faifan tutiya, da kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri, da faifan azurfa ko jan ƙarfe, ya yi ta maimaitawa har suka yi tsiri. Kowane hawa ɗaya bai kai abin da yau muke kira bolt 1 ba, amma in ka tara da yawa ka taɓa sama da ƙasa, za ka ji ta ja ka. Ranar 20 ga Maris 1800 ya aika wa Joseph Banks, shugaban ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, wasiƙar bayanin abin. Batir na farko ke nan. A 1801 ya nuna shi gaban Napoleon a Faris. Galvani bai ga wannan ba, ya rasu tun 1798, bayan an raba shi da aikinsa saboda ya ƙi yi wa sabuwar gwamnatin da Faransawa suka kafa rantsuwa. Daga baya an gano shi ma yana da gaskiyarsa, domin jijiyoyinmu da lantarki suke aika saƙo.

To ga darasin tsirin Volta. In ka taɓa sama kaɗai, babu abin da za ka ji. Ƙasa kaɗai ma haka. Sai ka taɓa biyun. Abin da masu gyaran wuta ke kira boltej, bambanci ne tsakanin wuri biyu. Kamar tankin ruwa ne a saman bene: ruwan ba ya gangarowa sai don akwai ƙasa, kuma gwargwadon tsayin benen gwargwadon ƙarfin zubowarsa. Bolt 12 na batirin mota, ko 230 na soket ɗin ɗakinka, tazara ce tsakanin kai biyu.

A 1827 wani malamin makaranta a Jamus, Georg Ohm, ya nuna cewa yawan lantarkin da ke gudu a waya ya dogara da wannan bambanci da kuma tirjiyar wayar. A gida ba a ɗauke shi da muhimmanci ba, sai 1841 Ingila ta ba shi lambar yabo. Ƙa'idarsa ce ke bayanin wutar nan da muke cewa ta zo "lo". In gidaje sun yi wa taransifoma yawa, wayar kuma siririya ce mai nisa, wani kaso na bolt ɗin a hanya yake zubewa ya zama zafi. Injin firji kuwa in bolt ya yi ƙasa sai ya yi ta jan wuta yana ɗumi har ya ƙone, shi ya sa ya fi kyau a kashe shi.

Sai Michael Faraday, ɗan maƙeri da ya fara da koyon ɗinkin littattafai a Landan. A 1831 ya gano yadda motsin maganaɗisu ke haifar da lantarki, wanda a kansa janareto da taransifoma suka ginu. Shi ne kuma ya dage cewa sararin da ke kewaye da abu mai caji ba fanko ba ne, akwai ƙarfin da ke ja ko turawa a ko'ina cikinsa. Wannan shi ne filin lantarki, kuma ana auna shi da yawan bolt da ke sauyawa a kowace mita, wato kamar tsananin gangarar tudu. In ya kai wajen bolt miliyan 3 a mita ɗaya, iska da kanta takan zama hanyar wuta. A 1881 taron masana lantarki a Faris ya sa wa ma'aunin sunan Volta.

Yanzu mu dawo kan tsuntsu. Ƙafafunsa biyu a kan waya ɗaya suke, babu wani bambancin kirki tsakaninsu, don haka wutar ba ta bi ta jikinsa. Ranar da fiffikensa ya haɗa waya biyu, ya gama yawo.

Waya in ta faɗi ƙasa kuwa, wutar na bazuwa cikin ƙasar, musamman jiƙaƙƙiya. Daf da wayar bolt ɗin yana da yawa, yana raguwa in ana nisa. Mai tafiya da dogon taku, ƙafarsa ɗaya tana kan mataki mai yawa, ɗayar kan mai kaɗan, sai wutar ta shiga ta nan ta fita ta can. Saniya ta fi mutum shiga haɗari saboda tazarar ƙafafunta na gaba da na baya ta fi faɗi. In ka tsinci kanka kusa da irin wannan, kar ka ruga. Haɗe ƙafafunka, ka riƙa jan su kaɗan-kaɗan ba tare da ka ɗaga ba, har ka yi nisan aƙalla mita 10. Wanda ta kama kuma, kar ka kai masa hannu, a nemi a kashe wutar tukun.

Manyan layukan Najeriya kuwa bolt 330,000 da 132,000 suke ɗauka. Waɗannan ba sai ka taɓa ba, ƙarfen rodi ko sandar eriya in ta matso, wutar na iya tsallako iska ta same ka. Masu kafa shaguna da gidaje a ƙarƙashinsu, don Allah a sake tunani, hukumomi kuma su daina jira sai an yi jana'iza.

Ku tura wa magina, makiyaya da iyayen yara. Allah Ya kare mu baki ɗaya.