Iyakar da ta girmi Bature

Da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, maganar da ta cika bakin 'yan kasuwar Shinkafi ɗaya ce: Bature ne ya raba ɗan'uwa da ɗan'uwa. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ina ganin iyakar nan ta girmi Bature.

Zamfara da Gobir da Katsina sun daɗe suna ture juna a wannan yanki. Abin da ya sauya komai shi ne faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a hannun masu jihadi a 1808, yaƙin da Namoda, Ba'alibe mai Ƙaura, ya yi suna a cikinsa. Sarakunan da aka kora ba su bar rawaninsu a baya ba. Na Katsina suka kafa zama a Maraɗi, Gobirawa kuwa, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, suka tare a Tsibiri. Sunan ma ya dace: tsohuwar Gobir ce ta tsuke ta zama tsibiri a gefen daular Sakkwato. Zurmi ta zama bakin daga, tana tare mahayan da ke gangarowa daga arewa.

Shi ya sa har gobe ake da Sarkin Gobir a Isa, da Sabon Birni, da Tsibiri, ga Sarkin Zamfara a Anka ga wani a Zurmi. Kowa na cewa sarautarsa ce ta asali.

Masu ɗora wa Turawa laifi kan kawo yarjejeniyar 1898, inda Ingila da Faransa suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Wannan kam wauta ce ta masu zane a kan tebur. Sai dai layin bai zauna ba. Faransawa sun rasa hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, Maraɗi da Tsibiri suka koma hannunsu. Layin da aka tsaya a kansa, arewa da Zurmi, kusan nan ne dawakin jihadi suka tsaya tun farko.